Na canja sunan fayil, torrent ya ce babu shi

Tambaya: Salam malam. Na sauke wasu bidiyon darasi da qBittorrent, sunayensu dogaye ne ga lambobi birjik, sai na shiga folda na gyara su. Ina dawowa naga manhajar ta rubuta Missing files. Shin sai na sake saukewa daga farko ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. A'a, kayanka na nan, manhajar ce kawai ta je nema da tsohon suna bata samu ba.

Shi tsarin BitTorrent da qBittorrent ke aiki da shi, tun da Bram Cohen ya fito da shi a 2001, yana yanka abinda ake rabawa gunduwa-gunduwa ne, kowace gunduwa da tata lambar tantancewa, kuma da ita ake gane ko abinda ke hannunka daidai yake da na sauran mutane. Canja suna baya taɓa ko bayit ɗaya na cikin fayil. Amma fa manhajar ta rubuta a wajenta cewa fayil kaza yana wuri kaza da suna kaza, kai kuma ka canja a bayan idonta.

To yanzu ka tsayar da torrent ɗin tukuna, kar ka kuskura ka sake shi ya ci gaba, don zai iya fara sauke komai sabo ya cinye maka data. Ka shiga shafin Content, ka danna dama a kan kowane fayil ka zaɓi Rename ka sa sabon sunan nan da ka bashi harafi da harafi har da wutsiyar, .mp4 ko .mkv, in kuma foldar ma ka ɗauke ta sai ka nuna masa sabon wurin da Set location, sannan ka danna Force recheck don ya sake tantance fayilolin. In ya hau 100% shikenan. In fayilolin suna da yawa gaskiya yafi sauƙi ka mayar da tsofaffin sunayen, ya gansu, sannan ka canja daga cikin manhajar. Transmission ma, wata manhajar torrent ce, tana barin a canja suna daga ciki tun sigar 2.80 ta 2013.

Wani abu da ke rikita mutane, Rename na jerin torrent na sama sunan da kake gani a allo kawai yake canjawa, baya taɓa abinda ke kan diski. Kuma sunan da ka sa naka ne kai kaɗai, masu ja daga wajenka na asali zasu gani.

Inda ake ɓata abu da gaske shine gyaran ciki. Ka buɗe MP3 ka canja taken waƙa ko hoton da ke jikinta, wannan ya taɓa bayit, tantancewa zata faɗi, manhajar ta sake sauke gunduwar ta goge gyaran naka. In kana son irin wannan gyaran ka yi kwafi a wata folda ka yi a can.