Firij Ya Daina Sanyi: Tambayoyinku da Amsoshin Masu Gyara

Tunda bazara ta kankama, yawancin saƙonnin da ke shigowa wannan fili daga Zariya da kewaye a kan firij da firiza suke. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Firij ɗina ya kai shekara shida, yau kwana uku ba ya sanyi. Fitilar ciki tana kamawa, amma ta baya sai in ji ya yi gurnani kaɗan, ya ce ƙyas, ya yi shiru, bayan 'yan mintoci ya sake. Mai gyara ya ce kwamfireso ne ya mutu. In yarda a canja? Daga wata uwar gida, Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ki yarda tukuna, amma ki zare fulogin yanzu. Wannan ƙyas ɗin ƙarar obalod ce, ɗan abin kariya da ke manne a jikin kwamfireso, wato injin baya mai tura gas. Injin yana ƙoƙarin tashi ya kasa, sai ya ja wuta fiye da kima ya ɗau zafi, obalod kuma ya yanke masa wutar don kada ya ƙone. In ya huce ya sake gwadawa. Barinsa a haka kwana da kwanaki shi zai kashe injin da mai yiwuwa a yanzu lafiyarsa ƙalau.

Abin da za a fara dubawa ba ya cikin firij ɗin ma. Wuta ce. Firij ɗin gida an ƙera shi ne don volt 220 zuwa 240. Da yamma, lokacin da unguwa duka ta kunna fanka da dutsen guga da hita, wutar takan faɗi ƙasa da 180. A irin wannan wuta fitilar ciki za ta kama, amma injin ba zai samu ƙarfin tashi ba. A sa mitar awon wuta ta masu gyara a soket ɗin a daidai lokacin da yake wannan ƙara. In wutar ce ba ƙarfi, firij ba shi da laifi.

In wuta ta cika, sai a koma kan rile. Wani ɗan akwatin roba ne da ake cusawa a kan ƙafafu uku na kwamfireso, shi ke ba injin turin farko. A cikinsa akwai ɗan faifai mai fashewa idan ya sha zafi da yawa. Mai gyara ya cire shi ya girgiza kusa da kunne: in yana kacau-kacau kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, ya fashe. A sayo mai lamba iri ɗaya, a canja shi tare da obalod. Kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin kwamfireso ba, kuma sau da yawa aikin ke nan.

Sai an wuce waɗannan biyun ake tuhumar injin, kuma da mita ake tuhumarsa, ba da kallo ba. A auna tsakanin ƙafafun nan uku bibbiyu. Za a samu lamba uku, kuma babbar dole ta zama jimlar ƙananan biyu. In wata ba ta ba da komai ba, waya ta tsinke a ciki. Sannan a auna tsakanin kowace ƙafa da jikin ƙarfen injin. In mita ta nuna suna haɗe, ya ƙone, kuma irinsa ne ke jan mutum idan ya taɓa ƙofa. In duk wannan ya yi daidai, an sa sabon rile, wuta ta cika, amma har yanzu gurnani yake, to injin ya cije, sai canji. (Firij mai inbata, wato wanda injinsa ke ƙara gudu ko ragewa bisa buƙata, daban yake: ba shi da rile, lambobinsa uku daidai suke fitowa, kuma matsalarsa ta fi zama a bod, allon lantarkin da ke sarrafa injin.) Ki nemi a yi wannan awo a gabanki, haƙƙinki ne.

Bayan an gyara, ki sa masa sitabilaiza, mai 1000VA zuwa 1500VA ga matsakaicin firij, 2000VA ga babbar firiza, kuma ki danna maɓallin jinkirin da ke jikinta. Dalili kuwa, in an ɗauke wuta aka maido nan take, gas bai gama daidaita a bututu ba, injin zai tashi ne da nauyi a kansa. Yana buƙatar kamar minti biyar. Ya samu soket nasa shi kaɗai, ban da siririyar wayar nan ta raba wuta.

TAMBAYA: Ina sayar da ƙanƙara da zoɓo. Cikin wata huɗu an sa wa firizata gas sau uku. Ta yi sanyi sati biyu ko uku, sai ta koma. An ce aikin da take sha ne ke cinye gas. Daga wani ɗan kasuwa, Sabon Gari.

AMSA: Malam, aiki ba ya cinye gas. Zagayawa yake a cikin bututu rufaffe, daga kwamfireso zuwa ragar baya, ya bi ta siririn bututu ya shiga ciki ya ɗauko zafi ya dawo. Firiza na iya shekara goma sha biyar da gas ɗin da ta zo da shi daga kamfani. In ya ragu, akwai huda, kuma duk wanda ya ɗura maka wani ba tare da ya nemo hudar ba, kuɗinka ya zubar.

Ga yadda aikin kirki yake. A fara duba wuraren walda a baya. Inda ka ga danshin mai ya kama ƙura, nan ne, domin man injin yana biyo gas ya fito. In ba a gani ba, a cika bututun da iskar naitirojin, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa a ga inda zai yi kumfa. Kada a kuskura a yi wannan gwaji da iskar oksijin ta masu walda, haɗuwarta da man injin na iya tarwatsa shi. In an samu hudar a yi walda, a canja filta, wato ɗan kumburarren bututun jan ƙarfe da ke gab da siririn bututu, don shi ke tsotse danshi kuma in an buɗe layi ya gama aiki. Daga nan a zuƙe iskar da ke cikin bututun da famfon bakyum, sannan a ɗura gas bisa sikeli.

Maganar sikeli ba ƙaramar magana ba ce. A jikin takardar da ke manne a baya ko a cikin firij an rubuta irin gas da nauyinsa. Yawancin na zamani R600a ne, kuma abin da suke ɗauka bai cika wuce giram 40 zuwa 80 ba, don haka ƙarin giram goma ma yana ɓata sanyi. Waɗanda suka girme su R134a ne. Ba a musanya su, ba a gauraya su, domin injin kowanne da mansa daban. R600a kuma yana kama wuta. A waje ake sakinsa, a tabbatar ya fita sarai kafin a kusanto da wutar walda.

Mai wuyar ita ce hudar da ke cikin bango, inda bututun ke binne a soso. Alamarta ita ce an duba waje duka ba a ga komai ba, amma agogon awon ƙarfin iskar da ke bututun yana sauka. Akan zagaye wannan da sabon bututun jan ƙarfe a cikin firizar, yana kuma aiki in an samu gwani, amma in jikinta ya riga ya yi tsatsa, gara ka tara kuɗin ka sayi wata.

Akwai kuma batun lodi. Jakar fiyawata guda 20 ce, kowane rabin lita, wato kilo 10 ke nan. Takardar firiza tana faɗin kilo nawa za ta iya daskarewa a awa 24. In an rubuta 12 ka zuba jaka biyar masu ɗumi, ba za su daskare a dare ɗaya ba ko da gas ya cika. Ka riƙa sakawa kashi-kashi, zoɓo kuma ya huce sarai kafin ya shiga.

TAMBAYA: Ƙanƙara ta cika ɗan firij ɗina, na sa wuƙa ina ɓamɓarewa, sai na ji iska ta yi fuu. Yanzu ba sanyi. Daga wani ɗalibi, Samaru.

AMSA: Ɗan'uwa, ka huda farantin sanyi, gas ya fita. Zare fulogi, buɗe taga, kada ka kunna ashana ko risho a ɗakin har iskar ta washe. Kada ka sake kunna shi, domin injin zai zuƙi ruwan ƙanƙarar da ta narke ta cikin hudar, ruwan kuma in ya shiga yakan daskare a siririn bututu ya toshe shi. Ka goge wurin ka manna salatif kafin mai gyara ya zo. Farantin na alminiyam ne, gam ba ya daɗewa a kansa. Canja shi ya fi. Gaba, in ƙanƙara ta kai kaurin yatsa, kashe firij ɗin ka sa kwanon ruwan zafi a ciki ka rufe, za ta saki da kanta.

TAMBAYA: Ruwa yana taruwa a ƙasan aljihun kayan miya, gefen firij ɗin kuma zafi rau. Lalacewa ce? Daga wata mai karatu, Gyallesu.

AMSA: Malama, zafin gefe ba matsala ba ne, a firij na zamani bututun fitar da zafi a cikin bangon gefe yake. Abin da yake so shi ne iska: tazarar kamar santimita 10 daga bango, nesa da murhu da hasken rana, kuma a cire ƙyallen adon da ake lulluɓa masa. In mai raga ne a baya, ƙurar hunturu ta riga ta lulluɓe ta, a kashe a share da burushi.

Ruwan kuwa, a bangon ciki ta baya akwai ɗan rami da ke kai shi wani faranti a kan kwamfireso, inda zafi ke busar da shi. Ɓarɓashin abinci ne ya toshe. Ki zura tsinke mai laushi, ki bi da ruwan ɗumi a sirinji. Ki kuma gwada robar ƙofa: rufe ƙofar a kan takardar kuɗi ki ja, sama da ƙasa da gefe. Inda ta zare salin-alin, iska mai ɗumi na shiga ta nan. A wanke robar da ruwan ɗumi da sabulu; in ta tsage ko ta ƙandare, a canja.

TAMBAYA: Firij ɗinmu ya tsufa, gyara ya ishe mu. Sabo zan saya ko na hannu? Ana cewa na Turai sun fi ƙarko. Muna da ƙaramin janareta, muna kuma shirin sa sola. Daga wani magidanci, Wusasa.

AMSA: Alhaji, a ganinmu in firij ya haura shekara goma kuma gyaransa zai ci rabin kuɗin wani irinsa, lokacin rabuwa ya yi.

Ko sabo ko na hannu, ka fara karanta takardar jikinsa, ka nemi ajin yanayi. Harafin N yana nufin an yi shi don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, SN ma haka, ST zuwa 38, T kuma zuwa 43. A Zariya, watan Maris da Afrilu zafin rana yakan kusanci 40, kicin mai rufin kwano kuma ya fi waje zafi. Da yawa daga na hannun da ake shigowa da su daga Turai N ne ko SN. Ƙarfensu na da kyau, amma a bazara injin zai yi ta aiki ba hutu, sanyin kuma ba zai kai ba. Ka nemi T, ko aƙalla ST. In daga Amurka ya fito, duba volt, nasu 115 ne, soket ɗinmu zai ƙone shi. In ka ga R12, tsohon yayi ne da aka daina ƙerawa, ka wuce.

Na hannu kada ka biya sai an kunna shi a gabanka awa guda. Sanyi ya bazu ko'ina a farantin, ba lungu ɗaya ba. Leƙa baya: sabuwar walda da baƙin hayaƙi a bututu suna nuna an taɓa buɗe shi, ka tambayi dalili. Sabo kuma ka karɓi rasit da takardar garanti mai hatimin shago.

Wanda ba ya tara ƙanƙara yana da daɗin sha'ani, sai dai yana da fanka da hita da na'urar lokaci, ko wanne na iya lalacewa, kuma da an ɗauke wuta yake saurin hucewa. Inda wuta ba ta zama, firiza mai buɗewa ta sama ta fi riƙe sanyi, domin iska mai sanyi nauyi gare ta, ba ta zubowa in an ɗaga murfi. Cikakkiyar firiza da ba a buɗewa takan riƙe nama kusan kwana biyu, rabin ciki kwana ɗaya, firij kuwa kamar awa huɗu. A zafinmu ka rage lissafin, musamman ga naman layya.

Batun janareta: matsakaicin firij yana cin wat 100 zuwa 150 yana aiki, amma a daƙiƙar tashi yakan ja ninki biyar ko fiye. Shi ya sa ƙaramin janareta ke shaƙewa. A ta da janareta ya daidaita, a sa firij shi kaɗai ya tashi, sannan sauran kaya. Tunda sola kake nufi, mai inbata ya fi dacewa, don a hankali yake tashi, ba ya fizgar batir. Amma ka kare bod ɗinsa daga hawa da saukar wuta, shi ne mai tsada.

Wajen ɗaukowa daga kasuwa, a tsaye za a ɗaure shi a bayan mota. In ya iso a tsaye, a bar shi awa huɗu kafin a kunna. In dole ta sa aka kwantar, a tsayar da shi awa 24, man injin ya koma mazauninsa. A kunna shi ba kaya na wasu awoyi, a saita ciki ya tsaya tsakanin digiri 3 da 5, firiza 18 ƙasa da sifili. Tsohon kuma, in zai zauna a tsakar gida kafin 'yan gwangwan su zo, a cire masa ƙofa ko murfi, saboda yara masu wasan ɓuya.