Amsa ga ƙanenmu mai neman laftof ta karatu da kuɗi kaɗan

Wa alaikumus salam. Ƙanena, da farko ina taya ka murnar samun gurbi a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da ke Bauchi, Allah Ya sa a gama lafiya. Ka ce kuɗin da ke hannunka ba su da yawa, kana son laftof ta rubuta darasi da karanta handawut, kuma ka rasa wadda za ka ɗauka tsakanin sabuwa dal a kwali mai Celeron da wata ta hannu mai Core i5 (duka biyun sunayen processor ne, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) da aka yi maka tayi kusan kuɗi ɗaya.

Ni dai sana'ata buga takardu ce a nan Yalwa, firojet ɗin ɗalibai da asamen ɗinsu ta hannuna suke bi, kuma laftof iri-iri ake ajiye mini a kan tebur. Bisa abin da na gani, ka bar sabuwar nan. Ƙananan sababbin da ake sayarwa da arha galibi Celeron ne da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi) 4GB, ma'ajiyarsu kuma ɗan guntun eMMC ne mai 64GB da ke manne a jikin allon ciki, ba ya ciruwa balle a ƙara shi. Windows kaɗai zai cinye kusan rabi. Satin farko za ka ji daɗinta, kwali sabo, leda na ƙyalli. Ranar da ka buɗe Word da PDF biyu da Chrome a lokaci guda, a nan za ka san araha ba ta ado.

Abin da nake ba ɗalibai shawara shi ne na hannu irin na ofis, waɗanda kamfanonin Turai da Amurka suka yi aiki da su suka sallamar, 'yan kasuwa suka shigo da su. Irin su HP EliteBook 840 G5, Dell Latitude 5490 ko 7490, da Lenovo ThinkPad T480. An ƙera su don aikin yini guda, jikinsu da ƙwari, maɓallan rubutunsu da daɗin bugu, kuma masu gyara sun san cikinsu, kayan gyaransu ba sa wahalar samu.

Amma kada kalmar "Core i5" ta ruɗe ka, nan ne ake cin kuɗin yara. Akwai i5 na 2012, akwai na 2018, duk sunansu ɗaya. Ka sa mai shago ya buɗe maka Settings, ya shiga System, sannan About, ka karanta lambar da idonka. In ka ga i5-8250U ko i5-8350U, lambar farko bayan ɗan layin nan, wato 8, ita ce zubinsa: zubi na takwas ke nan. In ka ga 6200U na shida ne, in ka ga 3320M tsoho ne tukuf. Dalilin da na nace a kan na takwas: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, shi kuwa Windows 11 a ƙa'ida daga zubi na takwas yake karɓa. Za a ce maka ai ana iya ɗora shi a kan tsofaffin ta bayan gida. Gaskiya ne ana yi, kuma yana tafiya. Sai dai kai shekaru ne ke gabanka a makaranta, ba na so ka fara da abin da aka riga aka yi wa dabara. In kuɗi sun ƙi kaiwa, zubi na bakwai ko na shida zai yi maka rubutu da karatu, amma ka sani ka kuma rage musu farashi sosai.

RAM kada ta gaza 8GB. Ma'ajiya kuma lallai SSD, wato mai sauri wadda babu faifai mai juyawa a cikinta, ko 256GB ce ta ishe ka. In aka ce ga mai HDD 500GB ko 1TB, wai ta fi girma, ka ce ka gode. HDD faifai ne ke juyawa a ciki, ga nawa wajen tashi, ga shi ba ya son jijjiga, kai kuma kullum laftof na cikin jaka a bayan ɗan acaba ko a motar zuwa harabar jami'ar da ke Gubi.

Yanzu ga babbar magana, wadda ni a wurina ta fi duk na sama: batir. Ka san halin wutarmu. A aji soket ɗaya ne ko biyu, mutum ashirin na jiransa, a hostal kuma sai an kawo wuta kowa ya tashi da ekstenshin. Laftof da ba ta riƙe caji, komai ƙarfinta, ta zama ta kan tebur. Kuma duk mai shago zai ce maka "tana awa biyar". Kada ka yi musu da shi, ka gwada. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar da takarda ta nuna maka inda ta ajiye ta. A ciki ka nemi layi biyu: Design Capacity, wato abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da Full Charge Capacity, abin da yake ɗauka yau. In na biyun ya kai kashi 75 ko 80 cikin ɗari na na farkon, batir na da rai. In rabi ne, ko dai a canza maka, ko a cire kuɗin sabon batir daga ciniki. Bayan haka ka cire caja, ka kunna bidiyo, ka zauna a shagon minti ashirin ko talatin kana kallon yadda lambar ke sauka. Batirin da ya lalace yakan yi tsalle, daga 60 sai ka ga 20. Mai shagon da ya ƙi bari ka yi wannan gwajin, ka yi masa sallama cikin mutunci ka ƙara gaba.

T480 tana da wani abu da nake so: da yawansu batir biyu gare su, ɗaya a ciki, ɗaya a waje da ake zarewa da hannu. Ka tabbatar duka biyun na nan, don wasu suna zuwa babu na cikin. Sannan ita da 840 G5 da Latitude 7490 duk suna karɓar caji ta USB-C, ma'ana in hali ya samu daga baya ka sayi fawa-banki mai ƙarfin 65W, ka huta da zaryar kai caji shago.

Sauran dubawa ba su da wahala. Ka buɗe Word ka danna kowane maɓalli. Ka sa farin shafi a sikirin ka duba tabo ko layi. Ka gwada kyamara, sifika, Wi-Fi da kowace ƙofar USB. Ka buɗe murfin ka rufe, ka ji ko maƙallan sun yi sako-sako. Ka sa a shiga BIOS, wato saitin asali da ake shiga kafin Windows ya tashi, a gabanka, domin wasu suna zuwa da makullin kamfanin da ya yi amfani da su, kuma cire shi ba ƙaramin aiki ba ne. Caja ta zama ta asali. Ta bogi tana kashe batir, wani lokaci har da allon ciki.

Chromebook kuwa, za ka gan ta da arha kamar kyauta, batirinta ma da kyau. Amma ba ta ɗaukar manhajojin Windows. Ranar da malami ya ce a zo da SPSS ko MATLAB ko AutoCAD, sai ka koma aro. Ba ka faɗi kwas ɗinka ba. In injiniyanci ne ko zanen gine-gine, ka zaɓi wadda RAM ɗinta ke ƙaruwa, ka kai ta 16GB in ka shiga aji uku. Mai sikirin taɓawa da alƙalami kuma ba na ganin ta cancanci ƙarin kuɗin. Yawancin ɗaliban da na sani da biro suke rubutu a lakca, da dare su buga.

Wajen saye, ka zaga shago uku ko huɗu a wajajen kasuwar Wunti kafin ka ciro kuɗi, farashin yana bin dala ne. Wasu za su ce Farm Centre ko titin Beirut a Kano sun fi sauƙi, ko a yi maka oda daga Ikeja a Legas. Mai yiwuwa, amma ka haɗa kuɗin mota, ka kuma tuna in ta ba da matsala bayan kwana uku wa za ka kama. Ka je da wanda ya san kwamfuta, a rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar jikin laftof ɗin, da garantin aƙalla sati biyu a rubuce. Kada ka sayi ta hannun wanda ba ka sani ba ba tare da rasit ba, kayan sata na yawo, kuma wanda aka kama da su a hannu shi ke kwana a ofishin 'yan sanda.

In ka saya, kada ka riƙa ɗora ta a kan katifa, fankarta ta ƙasa take shan iska, ga zafin Maris da Afrilu. Bayan hunturu ka kai a busa mata ƙura. Duk abin da ka buga kuma ka riƙa jefa kwafinsa a Google Drive, suna ba da 15GB kyauta.

Ka turo lambar wadda aka yi maka tayin, da abin da takardar batirin ta nuna, sai mu duba maka kafin ka biya.