An yi wa laftof ɗina fomatin sau biyu, har yanzu tana nauyi: faifan ne ya lalace?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a Samaru, Zariya, ɗalibai ne ke kawo mini aikin furojet. Laftof ɗina HP ce ta hannu, RAM ɗinta giga 4, faifan ajiyarta tera 1, Windows 10 ce a kai. Ta yi nauyi ƙwarai: in na kunna sai na jira minti biyar ko fi kafin Word ta buɗe, wani lokacin kuma ta daskare ina tsakiyar rubutu. Mai gyara ya ce bairos ne, ya yi mata fomatin har sau biyu. Sai ta yi sauƙi na 'yan kwanaki, ta koma gidan jiya. Yanzu in na kara kunnena ina jin wata 'yar ƙara, ƙas-ƙas. Wani ya ce in yi mata difiragi, wani ya ce in ƙara RAM. Me zan yi? Akwai aikin mutane a ciki.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, maganarka ta ƙarshe ce ta fi tayar mini da hankali, don haka da ita zan fara. Yau ɗin nan, kafin ka sauke wata manhaja ko ka sake miƙa kwamfutar ga wani, nemi filashi ka kwashe aikin mutane. Kada ka ɗauki babbar folda guda ka ce ta tafi gaba ɗaya. Fara da abin da ba shi da kwafi a ko'ina, furojet ɗin da ba a gama ba da lissafin shago, ka riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan. Takardun Word ba su da nauyi, filashi mai giga 8 zai ɗauke su har ya rage. Fina-finai da karatuttuka su jira. In kwafin ya cije a kan wani fayil, tsallake shi, ka rubuta sunansa a takarda, ka wuce na gaba. Kada ka tsaya kana maimaitawa a kansa.

Abin da ya sa nake gaggauta ka shi ne haɗuwar abubuwa uku a bayaninka: daskarewa, ƙara, da fomatin da ya yi sauƙi sannan ciwon ya dawo.

Faifan da ke cikin kwamfutarka, wanda ake kira HDD, inji ne mai motsi. A cikinsa akwai faranti mai maganaɗisu da ke juyawa, a yawancin laftof sau 5,400 a minti guda, da wani siririn hannu da ke shawagi a samansa yana karantawa yana rubutawa ba tare da ya taɓa shi ba. An yanka farantin zuwa ƙananan gurabe. Idan gurbi ya fara lalacewa, hannun zai karanta ya kasa, ya sake, ya kasa, ya sake. Duk tsawon wannan lokacin Windows tana tsaye tana jiran amsa, kai kuma abin da kake gani shi ne Word ta yi fari, ba ta motsi. Lafiyayyen faifai ma yakan yi 'yar ƙara jefi-jefi, musamman idan hannun ya koma mazauninsa. Ƙarar da ake tsoro ita ce mai maimaita kanta a jere, wadda ke zuwa daidai lokacin da allon ya tsaya cak.

Sauƙin da ka gani bayan fomatin ma yana da dalili. Sabuwar Windows ba ta da kaya, ba manhajojin da ke tashi tare da ita, ba ta fara sauke sabuntawa ba. Sannan idan aka rubuta sabon abu a kan gurbin da ya raunana, faifan yakan yar da shi ya ɗauko wani daga 'yan guraben da masana'anta suka ajiye masa na ko-ta-kwana. Sai komai ya yi kamar ya warke. Amma farantin da ya fara zubewa ba ya tsayawa, bayan kwanaki wasu guraben su biyo baya. Bairos kuwa ya zama amsar kowane ciwo a shagunan gyara da yawa, don fomatin ba ya buƙatar bincike kuma kuɗinsa a hannu. Bairos na iya sa kwamfuta nauyi, gaskiya ne. Ba ya sa faifai ƙara, kuma wanda aka goge sau biyu ba shi ne zai dawo da ciwo iri ɗaya sak ba, sai dai in filashin ɗalibai ne ke dawo da shi.

Wannan duk hasashe ne daga nesa. Faifan da kansa yana riƙe da rahoton lafiyarsa, tsarin da ake kira SMART, kuma minti biyar sun isa ka karanta. Bayan ka gama kwashe kaya, sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce, ka buɗe. A saman hagu za ta nuna maka launi: shuɗi da kalmar Good, rawaya da Caution, ko ja da Bad. Kada ka tsaya a launin kawai. A jerin da ke ƙasa nemi layuka uku, ka dubi lambar da ke can ƙarshen dama. Layin 05 shi ne adadin guraben da suka mutu aka musanya su. Layin C5 shi ne waɗanda faifan ya kasa karantawa, yana jiran ya yanke musu hukunci, kuma su ne suka fi haddasa daskarewa. Layin C6 waɗanda ba su karantu ba sam. A lafiyayyen faifai dukkansu sifili ne. Akwai kuma C7: in shi kaɗai ne ke hawa, sauran na sifili, laifin mahaɗi ne ko wayar da ta haɗa faifan da uwar kwamfutar, sai a zare a goge a mayar. Wannan labari ne mai daɗi, amma ba kasafai yake zuwa da ƙara ba.

Za ka ji wasu na cewa gurbi biyar ko goma a cikin miliyoyi ba komai ba ne. Kamfanin Google ya taɓa bin diddigin faifai sama da 100,000 na cibiyoyinsa, ya fitar da sakamakon a 2007. Faifan da ya musanya gurbi ko da sau ɗaya, yiwuwar mutuwarsa cikin kwana 60 ta ninka ta lafiyayye fiye da sau 14. Binciken ya kuma nuna ɗaya gefen: kusan kashi 36 cikin ɗari na faifan da suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba kafin su tafi. Ke nan rawaya hujja ce mai ƙarfi, shuɗi kuwa ba takardar shaidar lafiya ba ce, balle ga mai jin ƙara irin taka.

Shi ya sa nake ƙara gwaji na biyu. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager za ta buɗe. Shiga Performance, ka zaɓi Disk. Ganin kashi 100 shi kaɗai ba ya nuna lalacewa, tsohon faifai a ƙarƙashin Windows 10 yakan kai haka duk safiya. Dubi lambobi biyu tare: gudun karatu da rubutu, da kuma lokacin amsawa, wanda aka rubuta Average response time. Faifai mai lafiya da ba a matsa masa ba yana amsawa cikin milisakan goma zuwa ashirin. In ka ga kashi 100, gudun ya faɗi kusan sifili, lokacin amsawa ya haura dubu biyu ko dubu biyar ya zauna a can, to faifan ba aiki yake yi ba, fama yake da gurbi guda. Mai son ƙarin tabbaci ya buɗe Event Viewer, sashen System, ya nemi saƙonni daga disk masu lamba 7, 51 ko 153.

To, a ce ka ga rawaya ko ja. Manta da difiragi. Aikinsa shi ne ya karanta fayiloli ya sake rubuta su a jere, awanni yana juya faifan ba hutawa, daidai da a tura mara lafiya gona a ce ya yi huɗa don a gane ko ya warke. Haka umarnin chkdsk mai /r da ake yawan ba mutane shawara: yana bin kowane gurbi ɗaya bayan ɗaya, kuma faifai da dama a tsakiyarsa suke mutuwa. Fomatin na uku ma haka. Babu manhajar da ke gyara farantin da ya karce, duk abin da tallarta ta ce. In akwai muhimmin fayil da ya ƙi kwafuwa, kashe kwamfutar, ka nemi mai gyaran da ya san ddrescue, manhajar Linux da ke kwashe ɓangaren da ke karantuwa tukuna sannan ta dawo kan mai wuya. Tambaye shi kai tsaye ko ya san ta. Kada ka yarda a buɗe murfin faifan a shago, ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar da ke tsakanin hannun da farantin girma nesa ba kusa ba. Maganar saka faifai a firji ma ka bar ta, raɓa ce za ta shiga.

In kuwa komai ya fito shuɗi, lambobin duk sifili, to nauyin na haɗin kayan ne. Giga 4 ba ta isar Windows 10 da Chrome da Word da manhajar firinta a lokaci guda. Idan RAM, wato ma'ajiyar wucin-gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, ya cika, Windows takan ari wuri a faifai ta riƙa sauke kaya tana ɗauka, kuma a nan HDD ya fi rauni. Babban fayil guda yana iya karanta shi da gudun mega 100 a sakan, amma ƙananan abubuwa da ke warwatse ba ya wuce kamar ɗari a sakan, don dole hannun ya tashi ya je kowane wuri. SSD, ma'ajiyar zamani da ba ta da faranti ko hannu mai motsi, yana yin dubun-dubata. Wani abin kuma, faifan laftof masu tera 1 da yawa, irin su ST1000LM035 na Seagate da WD10SPZX na Western Digital, an yi su da tsarin SMR ne, inda layukan rubutu ke hawa kan juna, sai rubutu mai yawa ya riƙa tafiyar hawainiya ko da sabo ne. Lambar naka tana saman CrystalDiskInfo.

Akwai abin da za ka rage ba tare da kashe ko kwabo ba. A Task Manager, sashen Startup, kashe duk abin da ba ka buƙatar ya tashi da kwamfutar. In kana da rigakafin bairos biyu ko uku, bar ɗaya. Defender da ke zuwa da Windows ya isa, ka dai riƙa bincika filashin ɗalibai kafin ka buɗe. Bar kwamfutar a kunne da intanet ta gama sabuntawar da ta fara, don mai katsewa kullum daga farko take komawa. Wasu na kashe SysMain da Windows Search, yakan ɗan taimaka. Duk wannan rage zafi ne.

Tsakanin RAM da SSD, in kuɗin abu ɗaya gare ka, sayi SSD. A yanayinka ma ba zaɓi ba ne, tunda RAM ba ya hana faifai mutuwa. SSD na SATA mai inci 2.5 zai shiga gurbin tsohon daidai, gudunsa wajen mega 500 a sakan, kuma giga 256 ta wadatar da shagon buga takardu. Kwamfutar da ke cin minti biyar za ta tashi cikin ƙasa da minti ɗaya. Ka yi hattara wurin saye, jabu sun yi yawa har da masu ɗauke da sunan Samsung da Kingston. A saka shi a gabanka, a buɗe CrystalDiskInfo, ka dubi Power On Hours: sabo bai kamata ya nuna ɗaruruwan awanni ba. Manhajar H2testw kuma tana cika shi da bayanai ta sake karantawa, ta tona asirin wanda aka rubuta masa girman ƙarya. Daga baya in hali ya yi, kai RAM giga 8, bayan an duba ko DDR3L take ci ko DDR4.

Kada a kwafe tsohon faifan gaba ɗaya zuwa sabon in ya nuna rawaya, za a kwaso gurɓatattun fayilolin Windows ne a zuba. A saka sabuwar Windows daga filashi. Ka kuma sani Microsoft ta daina ba Windows 10 sabuntawar tsaro ta gama-gari tun 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 na neman TPM 2.0, wani sashen tsaro da ke cikin kwamfutar, kuma in injinta na Intel ne, na zubi na takwas zuwa sama, sai ka sa a duba ko taka ta cika sharaɗin tun da za a sake saka komai.

Ka leƙa Power On Hours na tsohon faifan ma. Shekara guda awa 8,760 ce, kuma laftof ta hannu kan iso da faifan da ya riga ya yi dubu goma sha ko ashirin a wani ofis a Turai. Ya zo nan ya haɗu da zafin bazara, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka, da ɗaga kwamfuta tana kunne a miƙa wa ɗalibi ya duba shafi. In batirinka ya mutu, kowace ɗaukewar wuta kashewa ce ta ba-zata ana tsakiyar rubutu, wannan kuwa ko SSD ba ya son sa. Sauya batirin, ko ka haɗa cajar da ƙaramin UPS.

SSD ba ya yin ƙara kafin ya mutu, yakan ɓace ne kawai wata safiya. Kowane asusun Gmail yana da giga 15 kyauta a Google Drive. Ka riƙa tura furojet ɗin da ake kan aikinsa can kullum kafin ka rufe shago. In ka yi gwajin, aiko mini da lambobin 05 da C5 da C6 da lambar faifan. CrystalDiskInfo kan nuna su gauraye da haruffa, sai ka shiga Function, Advanced Feature, Raw Values, ka zaɓi 10 DEC, za su koma lambobin da muka saba.