Cire cajar laftof tukuna, kafin ka zargi jitarka

Ɗan'uwa, ka ce in kana naɗar jitar lantarki da laftof sai wani gunji ya riƙa bin sautin, ko da ba ka taɓa tsirkiya ba. Na sha wannan wahala a ɗakina a unguwar Mabera, Sakkwato, har na kusa sayar da jitar bisa zaton ita ce ta lalace.

Ashe caja ce. Wani dare ina tsakar naɗi aka ɗauke wuta, laftof ta koma kan batir, sai kawai na ji kunnena ya yi wasai. Wutarmu a Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, gunjin nan muryarta ce, kuma cajojin nan masu araha su ke buɗe mata ƙofa, balle a gidan da ba a ja wayar ƙasa ba. Wutar janareta ta fi muni. Don haka cika batir, zare caja, sannan ka danna naɗi.

In da saura, sa abin kunne, ka rungumi jitar, ka riƙa juyawa a hankali a kan kujera. Akwai kusurwar da ƙarar za ta faɗi. Jita mai fikof (wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya) siriri irin na jitar Stratocaster tana kwasar ƙarar allon laftof, da inbata, da dogon ƙwan fitila. Ni har alama na yi da alli a ƙasa inda ƙafar kujera za ta tsaya. Fanka kuma dole a kashe ta. Na san zafin Afrilu a Sakkwato, ya kan haura digiri 40, amma minti huɗu ne, ka daure.

Kada ka cusa jita a ramin makirufo na laftof. Nemi ƙaramin akwatin sauti mai haɗa jita da laftof, ko Behringer UMC22 ya wadatar, ka shiga ta ramin da aka rubuta INST, da gajeriyar waya mai kyau. Sauti ya riƙa tsayawa wajen -12 dB a ma'aunin ƙarfin sauti na manhajar naɗi.

Audacity, manhajar naɗi da gyaran sauti, shi ne na ƙarshe. Bar daƙiƙa biyar na shiru a farkon naɗi, ka ba shi ya gane ƙarar, ka rage kaɗan kawai. Na taɓa matsa masa da yawa, jitar ta fito kamar daga cikin randa ake kaɗa ta, sai da na sake naɗin daga farko.