Tambaya da Amsa: Wace kotu ce ta ɗaure Hissene Habre?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni direban babbar mota ne, ina lodi tsakanin Maiduguri da Injamena. Mun yi gardama a tasha, wani yace kotun ICC ce ta ɗaure tsohon shugaban Chadi Hissene Habre, ni kuma nace a Senegal aka yi shari'ar. Wa ya fi gaskiya? Sannan mutanen da aka zalunta an ba su wani abu kuwa?
Daga mai karatu a Maiduguri

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kai ka ci gardamar, sai ka je ka karɓi goronka. ICC, wato kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, ba ta da hurumi ko kaɗan a kan Habre, don ita aikinta ya fara ne daga 1 ga Yulin 2002, duk abinda ya faru kafin ranar ba nata bane, shi kuwa Habre ya yi mulki daga 1982 zuwa 1990 lokacin da Idriss Deby ya kore shi ya gudu Senegal.

Amma kar ka yi wa abokin naka dariya sosai, akwai inda ya kamo. A birnin Hague kotu biyu mutane ke rikitawa, ICC mai hukunta mutum, da ICJ mai raba gardama tsakanin ƙasa da ƙasa. Ita ICJ ta shigo maganar a 2012, bayan Beljiyam ta kai ƙarar Senegal, ta ce wa Senegal ko ku gurfanar da shi ko ku miƙa shi, a daina jan ƙafa. Daga nan ne Senegal da Tarayyar Afirka suka kafa kotu ta musamman a Dakar, aka fara zama a Yulin 2015, alƙalin da ya jagoranta ɗan Burkina Faso ne, Gberdao Gustave Kam. Habre yace bai yarda da kotun ba, har ta kai jami'an tsaro suka ɗauko shi cak suka shigo da shi, ya zauna da farin rawani da baƙin tabarau ya ƙi cewa uffan. Ran 30 ga Mayun 2016 aka yanke masa ɗaurin rai da rai.

Ni dai abinda ya fi tsaya min a rai ba kotun bane, mutanen da suka ƙi haƙura ne. Akwai Souleymane Guengueng, ma'aikaci ne kawai mai harkar lissafin kuɗi, 'yan sandan sirrin Habre da ake kira DDS suka kama shi, a kurkuku ya yi alkawarin in Allah ya fitar da shi da rai sai ya nemi haƙƙi, da ya fito ya dinga bin waɗanda suka tsira yana rubuta labarinsu ɗaya bayan ɗaya yana ɓoyewa, a lokacin da tsofaffin 'yan DDS ɗin suna nan a gari wasu ma suna riƙe da muƙami. Lauyarsu Jacqueline Moudeina gurneti aka jefa mata a Injamena a 2001, Allah ya yi da sauran kwana. A shekarar dai Reed Brody na ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ya tarar da takardun DDS zube a ƙasa a tsohuwar hedikwatarsu, ƙura ta rufe su, ciki da sunayen mutum 1,208 da suka mutu ko aka kashe a tsare. Wato su da hannunsu suka rubuta shaidar da ta ci ubangidansu. Akwai ma wani kurkuku da ake ce wa La Piscine, wurin ninƙaya ne na zamanin Turawa aka rufe samansa da siminti aka yanka ɗakuna a ciki, ka yi tunanin zafin Injamena a watan Afrilu. Kwamitin bincike na Chadi a 1992 ya ƙiyasta mutum 40,000 aka kashe.

Maganar diyya kuwa, nan ne gizo ke saƙar. Da aka ɗaukaka ƙara a 2017 kotu ta tabbatar da hukuncin, ta ce a biya mutum 7,396 kuɗi sefa biliyan 82 ta hanyar wani asusu na Tarayyar Afirka. A takarda kenan. Shekaru suka yi ta tafiya asusun bai biya kowa ba, tsofaffi suna ta rasuwa suna jira, shi kansa Habre ya mutu a Dakar ran 24 ga Agustan 2021 da cutar korona. Sai a 2024 gwamnatin Chadi ta fara raba sefa biliyan 10, wanda aka raba wa mutum kusan 10,700, kowa bai samu miliyan ɗaya ba.