Takarar ciyaman: ta ina ake farawa?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce mutanen garinku sun matsa maka ka fito takarar shugaban ƙaramar hukuma, kai kuma ma'aikacin gwamnati ne da bai taɓa riƙe ko sakataren jam'iyya na mazaɓa ba, kana son sanin ta inda za ka fara da abin da za ka tanada. Allah ya sa alheri a ciki.

Abu na farko, waɗanda suke cewa ka fito ɗin nan, su waye a jam'iyya? Dokar Najeriya ba ta yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, sai jam'iyya ta tsayar da kai. Kuma zaɓen ƙananan hukumomi ba INEC ce ke yin sa ba, in ban da shida na Abuja. Hukumar zaɓe ta jiha ce, irin su KANSIEC a Kano da JISIEC a Jigawa, kuma gwamna ne ke naɗa shugabanninta. Dubi abin da ya faru a Oktoban 2024: NNPP ta kwashe kujeru 44 na Kano, APC ta kwashe 23 na Kaduna da 27 na Jigawa. Wannan abu ne mai ciwo ga duk mai son a gyara ƙasa, amma da shi za ka yi lissafi. A mafi yawan jihohi ainihin zaɓen shi ne samun tikitin jam'iyyar da ke mulkin jihar. Ba cewa na yi adawa ba ta taɓa ci ba. A Kaduna, lokacin da aka yi zaɓe da na'ura a 2018 da 2021, PDP ta ci wasu ƙananan hukumomi. Sai dai mai tsayawa a adawa ya san aikinsa ya ninka.

Saboda haka fara daga mazaɓarka. Ka yanki katin jam'iyya a wurin shugaban mazaɓa, ka tabbata da idonka an sa sunanka a littafin rajista, ka riƙa biyan kuɗin wata-wata kana ajiye rasiti. Wasu jam'iyyun suna da ƙa'idar tsawon zaman da mutum zai yi a cikinsu kafin ya nemi takara, sai in uwar jam'iyya ta ɗauke masa. Katin zaɓenka ma ya zama na wannan ƙaramar hukumar ne. Da yawa daga ma'aikata katinsu na babban birnin jiha ne, sai lokaci ya ƙure su tarar INEC ta rufe sauya wurin zaɓe, alhali da rajistarta hukumar jiha ke aiki.

Sai takardu, kuma a nan ne ake kayar da mutane tun ba a je akwati ba. Nemi dokar zaɓen ƙananan hukumomi ta jiharku da ƙa'idojin da hukumar za ta fitar, domin shekarun tsayawa da kuɗin fom da wa'adin mulki sun bambanta daga jiha zuwa jiha. Abin da aka saba nema: shaidar kammala sakandare ko makamanciyarta, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, takardar biyan haraji ta shekara uku, da sa hannun masu tsayar da kai waɗanda ke da rajista a mazaɓu daban-daban. A Kano har gwajin ƙwaya ake yi a NDLEA. Baje takardun nan gaba ɗaya a kan tabarma ka duba suna da ranar haihuwa ɗaya bayan ɗaya. In a takardar firamare kai Muhammadu Sani ne, a ta sakandare Sani Mohammed, a katin ɗan ƙasa kuma an ƙara sunan gari, to je wurin lauya yanzu a daidaita. Haka za ka yi wa wanda zai yi maka mataimaki. A Fabrairun 2020 Kotun Ƙoli ta soke nasarar David Lyon a Bayelsa ana gobe za a rantsar da shi gwamna, saboda saɓanin sunaye a takardun mataimakinsa.

Aikinka na gwamnati kuwa dole ka ajiye shi, galibi kwana 30 kafin zaɓe, wasu jam'iyyun ma tun kafin fidda gwani suke so. Ka karɓi kwafin takardar ajiye aikin mai hatimi da kwanan wata. Amma kada ka yi gaggawar ajiyewa kafin ka ga inda tikiti ya dosa, musamman in ka kusa fansho.

Yadda ake fidda ɗan takara shi ne inda ya kamata ka fi ɓata lokaci. A takarda ana maganar ƙato-bayan-ƙato ko daliget. A aikace yawanci maslaha ake yi: masu ruwa da tsaki su zauna, wato shugaban jam'iyya na ƙaramar hukuma, ɗan majalisar jiha, ɗan majalisar tarayya, kwamishina ko mai ba gwamna shawara in akwai ɗan yankin, tsofaffin ciyamomi da dattawan jam'iyya, su tsayar da suna ɗaya ko biyu ko uku a kai gidan gwamnati. Rubuta sunayen mutanen nan, ba za su wuce ashirin ba, ka san wanda ke jin maganar wa. Kowa ka same shi a gidansa kai kaɗai, ba da gayya ba. Wanda ya ji labarin takararka a rediyo kafin ka zo masa ya riga ya zama abokin hamayya. Sannan binciki maganar karɓa-karɓa. Ƙaramar hukuma mai gunduma biyu ko uku tana da tsarin da ba a rubuta ba: in ɗan majalisar jiha daga gabas ya fito, ciyaman na yamma ne. In ba layin yankinku ba ne, duk kyawun halinka da wuya a ba ka. In kuma an yi maslahar a kanka, ka dage sauran masu nema su rubuta janyewarsu su sa hannu, a kira jami'an hukumar zaɓe su shaida taron. Zamfara a 2019 ta isa darasi, inda kotu ta zubar da ƙuri'un APC kaf saboda ba a yi fidda gwani bisa ƙa'ida ba.

Kuɗi. A 2024 KANSIEC ta sa Naira miliyan 10 a fom ɗin ciyaman da miliyan 5 a na kansila, har aka kai maganar kotu. Wannan ban da fom ɗin jam'iyya. Amma ba fom ne ke cinye mutum ba, ƙofar gida ce. Daga ranar da fastarka ta fita, takardar asibiti da suna da biki da kuɗin makaranta duk wurinka za su nufo, kullum. Ware abin da za ka iya bayarwa a mako, ka sa mutum ɗaya amintacce a kai da littafi. Kada ka sayar da gidan da iyalinka ke ciki, kada ka ci bashin da kake sa ran biya daga baitulmalin ƙaramar hukuma. Wanda ya ba ka miliyoyi yau, kwangila zai zo karɓa gobe. Kuma kada ka taɓa kuɗin ranar zaɓe. A ce kuna da akwati 150, ejan (wakilinka mai sa ido a kan ƙuri'a) biyu a kowane akwati, mutum 300 ke nan. Ko dubu biyar-biyar ka ba su na abinci da mota, miliyan ɗaya da rabi ta tafi, ba a zo kan man motoci da ejan na wurin tattara sakamako ba. Masu ƙarar da kuɗinsu a gangami da makaɗa su ne ejan ɗinsu ke watsewa da azahar.

Yawan ƙuri'a kaɗai ba ya isa. Ƙa'idar da aka saba ita ce ka fi kowa ƙuri'a, kuma ka samu kashi ɗaya cikin huɗu a aƙalla biyu bisa uku na mazaɓu. In mazaɓunku 12 ne, sai ka samu wannan kason a 8. Ɗan cikin gari yakan ruɗu da cincirindon kasuwa ya manta da ƙauyuka. Nemi sakamakon zaɓen da ya wuce akwati-akwati, ka raba su uku: naku, nasu, da na tsakiya, ƙarfinka ya tafi na tsakiya. A kowane akwati kana buƙatar mutum biyar zuwa goma mazauna wurin, kuma lallai da mata a ciki, domin su ne ke shiga gidajen da kai ba za ka shiga ba, su ne kuma suka fi jure layi. Ka gai da hakimi da dagatai da limamai don girmamawa, amma kada ka nemi su fito fili, kujerarsu za ka jefa cikin haɗari. 'Yan jagaliya kuwa ka nisance su. Yaron da ka saya wa ƙwaya ya tsare maka akwati, ɗan wani ne a garin da kake son shugabanta.

Ejan ya zama mai karatu, mai zaɓe a wannan akwatin, da waya mai caji. Ba zai tashi ba sai an ƙirga, an rubuta, ya sa hannu, ya karɓi kwafinsa ya ɗauki hoto. A kasa, a tsare, a raka har wurin tattarawa, don a can ake sauya alƙaluma. Kwanakin shigar da ƙara a kotun zaɓe kaɗan ne, kuma ba ta aiki da "kowa ya gani", sai takarda.

Game da alkawari, ka san iyakar kujerar. Kundin tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, kwashe shara, ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, da hannu a firamare da asibitocin sha-ka-tafi. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta kantomomi, amma aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa. Ko kuɗin ya zo cif, albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya da fansho da kason masarauta ne ke fara cinye shi. Samu wani tsohon ma'aji ko daraktan mulki da ya yi ritaya ya nuna maka abin da ke saura a wata. A kan wannan ragowar za ka yi alkawari: gyaran famfunan burtsatse da suka mutu, rufin azuzuwa, magani a asibiti, kwalbati kafin damina.

A ganina, tunda ba ka taɓa riƙe komai a jam'iyya ba, ka auna kujerar kansila tukuna. Mazaɓa ɗaya ce, kuɗinta da sauƙi, kuma a wa'adi guda za ka san kasafin kuɗi da mutanen da ke yanke hukunci. In kuma ka ga lallai ciyaman ɗin ce, to wannan makon ka nemo dokar jiharku, ka duba katin zaɓenka, ka je gidan shugaban jam'iyya na mazaɓarku kafin a buga fasta ko ɗaya.