Zauren Gwaggo: Zare, Kwarashi da Ɗan Lambun Tsakar Gida

Tambaya: Salamu alaikum Gwaggo, dan Allah ƙanwata ce ke da ciki ana sa ran haihuwa cikin Afrilu, ni kuma ban jima da koyon saƙa da kwarashi ba, shine na sayo zaren ulu zan mata hula da safa da suwaita da shawul, amma uwar mijina tace zafi zasu yi wa yaro in bari. Wlh raina bai so ba, ya zan yi? Daga 'yarki a unguwar Yelwa, Garwa.

Amsa: Wa alaikissalam 'yata, Allah ya sauke ta lafiya. Kiyi haƙuri amma surukarki ta fiki gaskiya a nan. Kin san Garwa a Maris da Afrilu, zafi na wuce digiri 40, babba ma neman inuwa yake balle jinjiri ɗan kwana bakwai, kuma abin da muke cewa ulu a kasuwanninmu yawancinsa ba gashin tumaki bane, akirilik ne, wato dangin roba, baya shan gumi, yaro zai jiƙe a ciki ƙurajen zafi su feso masa a wuya da baya ana ta cewa rigima gareshi. Abin yana damuna sosai in naga an naɗe jariri cikin shawul mai kauri ranar suna don kawai baƙi suga kaya.

In kina so ki gane zaren da kika sayo, yanki ɗan guntu ki kai bakin ashana, a tsakar gida nesa da yara. In ya narke ya dunƙule yayi baƙin tauri yana warin leda, roba ne. In ya ci wuta kamar takarda ya bar toka mai laushi, auduga ce. Ulu na gaske kuwa ƙaurin gashi yake. Mu da audugar ke fita daga gonakinmu, kamfanin auduga na Sodecoton ma tun 1974 yake kuma hedkwatarsa nan Garwa, ai bai kamata zaren auduga ya zama baƙo a hannunmu ba, ki zaga wajen masu kayan ɗinki ki tambaya, ki samu siriri ki haɗa da kwarashi lamba 2.5 ko 3, ki saƙa 'yar riga mara hannu mai huji-huji da mayafi shara-shara. Kar ki sa igiya a wuya, kar ki manna duwatsu ko ƙananan maɓallai, yaro na iya cirewa ya kai baki.

Zaren da kika saya kuma ba asara, kinga yaron Afrilu in Allah ya raya shi zai kai wata takwas a Disamba, daidai lokacin da hunturu ya kankama ana buƙatar suwaita da hula da asuba, toh ki saƙa su da girman ɗan wata tara zuwa shekara, ba na jinjiri ba. Kina da damina gaba ɗaya ki yi a tsanake. Wanki da ruwan sanyi, banda murɗawa, a shimfiɗa a inuwa kar a rataya ya saki, kuma kar guga ta taɓa shi.

Tambaya: Gwaggo ni shimfiɗar kujera nake saƙawa, ƙasa faɗi sama sai ƙara tsukewa take. Daga Ngaundere.

Amsa: Idon saƙa na ƙarshe kike tsallakewa a bakin layi, kusan duk mai koyo haka take. Ki riƙa ƙirga idanu duk layin da kika gama, ki ɗaura zare mai wata kala a idon farko da na ƙarshe. Ki warware zuwa inda ya fara karkacewa, ja da hannu baya gyara shi. Ku dai 'yan Ngaundere sanyinku ya baku dama, ku saƙa mai kauri abinku.

Tambaya: Gwaggo barka da aiki. Na shuka tumatir a buhu bayan ɗaki, yayi ganye kore shar yana fure amma furen sai zubewa yake ba ɗa ko ɗaya, ga wasu ƙananan ƙwari farare a bayan ganyen, maigida har yace in daina ɓata ruwa. Daga Domayo, Marwa.

Amsa: Ƙanwata kar ki daina, lokaci ne kawai bai dace ba. Tumatir baya riƙe fure in rana tayi tsanani dare ma ba sanyi, shi yasa masu lambu suke shuka shi ƙarshen damina, Oktoba zuwa Nuwamba, ya yi 'ya'ya cikin hunturu, lokacin da albasar Marwa ma take gona. Yanzu da bazara ki sa abin da ya saba da zafinmu, kuɓewa, yakuwa wadda maƙwabtanmu Fulani ke cewa follere, alayyahu, lalo, sannan zogale ɗaya a lungu, shi kam in ya kama ya gama, ki dai riƙa sare kansa ya yi rassa kar ya miƙe ya fi ƙarfin hannu.

Buhun ki huda shi ta ƙasa ruwa ya riƙa fita, ƙasa ki gauraya da kashin awaki wanda ya bushe ya ruɓe, ɗanye ƙona saiwa yake. Batun ruwa kuma ki gaya wa maigida ba sai an taɓa na jarka ba, ruwan alwala da na wankin shinkafa da na wanke ganye duk ki tara a bokiti, banda mai omo ko gishiri, ki zuba da sassafe ko bayan la'asar, ki rufe saman buhun da ciyawa busasshiya don laima ta daɗe. Su kuma ƙwarin, ai Marwa ba a neman darbejiya, ki daka ganyenta ki jiƙa ya kwana, ki tace ki fesa da yamma musamman bayan ganyen inda suke maƙalewa, ki maimaita duk sati, ganyen miya kuma ki wanke sosai kafin ki sa a tukunya saboda ɗaci.